Jar Fitilar Rumbun Osmund

Shekara talatin da ɗaya ni kaɗai ne ɗan Osmund da aka yarda ya zauna a Rumbu, ɗakin wasan hokin ƙanƙara na garinmu, kafin a ci. Ba don girma ba, aikina ne ya zo da kujera. Ni ne mai fitila. Ina zama cikin wani akwati na katako da gilashi a bayan ragar arewa, babban yatsana a kan maɓalli. Idan faifan roba ya tsallake jan layin raga gaba ɗayansa sai in danna, jar fitila ta kama a saman kaina, mutum dubu uku su kaure da ihu kamar an ce musu an soke mutuwa. Daga nan sai su zauna.

Al'adar ke nan. Daga lokacin da alƙalin wasa ya saki faifai a tsakiyar ƙanƙara, babu ɗan garinmu da zai ɗora mazaunansa a kan benci sai yaran kwalejinmu sun ci na farko. Wasu sun ce mahaƙan tagulla ne suka fara, don girmama waɗanda rami ya rufta da su. Na koyar da tarihi shekara talatin da huɗu a makarantar sakandare, kuma abin da na fahimta shi ne, yawancin abin da ake kira gadon kakanni asalinsa sanyin benci ne. Rumbu tsohuwar ma'ajiyar dutsen tagulla ce, ba a sa masa abin ɗumama ɗaki ba sai bayan yaƙi.

Wasan hoki zango uku ne, kowanne minti ashirin a agogon da ke tsayawa duk lokacin da aka busa usur, da hutu biyu a tsakani. A lokacin hutu kowa yakan zauna, ko an ci ko ba a ci ba, babu mai ganin laifinsa. Ban da Urho Niemela.

Urho wan matata ne, marigayiya Irja. Shekararsa saba'in da takwas a lokacin. Ya yi aikin haƙar tagulla har aka rufe ramin, sannan ya tuƙa motar share dusar ƙanƙara har idonsa ya gaji. Shekara arba'in da ɗaya yana tsaye a layi na biyu, taku uku daga akwatina, kuma bai taɓa zama kafin ci ba, ko da hutu. A watan Oktoban da ya gabata likitoci suka tsaga ƙirjinsa suka yi wa zuciyarsa sababbin hanyoyi uku. Labarin da zan bayar a Fabrairu ya faru.

Gara in faɗi abin da ke tsakanina da shi tun yanzu. Irja ta rasu wata Asabar, shekara shida kafin wannan. Asibiti ya aika wa Urho saƙo a Rumbu, saƙon ya same shi ana tsakiyar zangon farko, ba a ci ba. Ya jira aka ci. Da ya iso na riga na rufe mata ido. Ya tsaya a bakin ƙofa da koriyar hular ulu da ta saƙa masa a hannunsa, kuma abin da ya fara ce mini shi ne, “Wanda suka sa a madadinka hannunsa nauyi gare shi.” Na karanta littattafai isassu da zan san cewa irin maganar da mutumin da bai iya kuka ba yake yi ke nan. Sanin bai sa na yafe masa ba.

Ranar Asabar da safe, jajiberin wasanmu da Tamarack Falls, na shiga shagon Lempi shan kofi. Na tarar da teburin bakin taga ya cika kamar kullum, Urho a kan gaba, ga kuma Rollie Gauthier. Rollie mutumin Tamarack ne, dillalin motocin ƙanƙara, 'yarsa tana aure a garinmu, don haka duk shekara sai ya zo ya ci burodin naman Lempi ya zage mu. Na zauna a bakin kantar shagon na buɗe littafina, na ba su baya. Kunne dai ba shi da murfi.

“Ku daina yaudarar kanku,” in ji Rollie. “Rumbun nan naku warin safar da ta kwana a takalmi yake yi. Ku zo ku ga namu sabo. Mutum dubu shida, kujera mai katifa, kowa da wurin ajiye kofinsa.”

“Ɗakin jiran likitan haƙori ma kujerarsa da katifa,” in ji Urho.

“An zo da na'ura an auna ihunmu. An ce ya kai ƙarar jirgin sama.”

“Ihun da sai an rubuta muku a allo ku yi? Na je na gani da idona. Allo ya ce ku tafa, kuka tafa. Ko tumakin ƙanena sun fi ku sanin abin da suke so.”

Teburin ya yi dariya. Wani ya kawo maganar da kullum ake kawowa, cewa a Rumbu idan aka ci, ihu yakan kakkaɓo ƙanƙarar da ta daskare a ƙarafan rufi ta zubo wa mutane a ka. Wannan gaskiya ne, na sha share ta daga kan gilashina. Rollie ya ce abin da wannan ya nuna kawai shi ne rufinmu ya kusa faɗowa.

“Kuma tsayuwar nan da kuke tinƙaho da ita ta bogi ce,” ya ce. “Ana busa hutu kuke zubewa kamar buhunan dankali.”

“Har da ni?”

“Kai daban ne, Urho, na yarda. Da can. Yanzu kuwa an ɗinke ka kamar tsohuwar ƙwarya. Kuma golanmu wasa biyu ke nan ba a ci shi ba. Gobe kafin a gama zango na biyu za ka nemi benci da kanka.”

Lempi ta daina goge saman kantar shagon.

Urho ya cire koriyar hular ya ajiye a kan tebur. “In ka ga na zauna gobe kafin fitilar can ta kama mana, ka ɗauki wannan ka kai Tamarack, ka rataye ta a sabon ɗakin naku mai katifa.”

“Fitila kuma,” in ji Rollie. “Ai shi ne ɗaya abin. Fitilar gida, mai fitila ɗan gida, surukinka ma. Ko iska ce ta shiga ragar sai ya kunna.”

“Wa? Walfred?” Urho ya nuna bayana da cokali, na gani a madubin da ke bayan kanta. “Dube shi. Wannan ba ya son ƙungiyar, ba ya son garin, ni ma ba ya sona. Wanda ba ya ƙaunar kowa ai ba ya yi wa kowa ƙarya. Shekara talatin da ɗaya alƙali bai taɓa soke fitilarsa ba. Ni ba na kallon alƙali, baƙo ne daga kudu. Ba na kallon raga, idona ya mutu. Fitilar nake kallo. In ta kama an ci, in ba ta kama ba ba a ci ba.”

Wannan shi ne yabo mafi girma da aka taɓa yi mini a Osmund, kuma da zagi aka naɗe shi. Na juya shafi ban karanta wanda ya wuce ba.

A waje, ina kakkaɓe dusar ƙanƙara daga gilashin motata, sai ga Marlys, 'yar Urho. Ma'aikaciyar jinya ce, ta zo ɗaukar ubanta.

“Kawu Walfred, ka ji abin da ya ce a ciki?”

“Duk garin ya ji.”

“Likita ya ce kada ya wuce minti ashirin a tsaye. Ba wasa yake ba. Ƙafafunsa suna kumbura, jininsa yana sauka. Da ƙyar ma aka yarda ya je.”

“To ki gaya masa.”

“Na gaya masa har bakina ya yi tsami. Kai ka gaya masa.”

“Ni da ubanki magana goma muke yi a shekara, kuma na riga na kashe bakwai a Kirsimeti.”

Ba ta yi dariya ba. Idon Irja gare ta, abin da ban taɓa jin daɗinsa ba. Ta ce za ta tsaya kusa da shi a wurin da gwaggonta Irja takan tsaya, da magungunansa a jaka, kuma ta yi magana da masu agajin gaggawa da ke zama a ƙofar gabas. Na ce mata yaranmu sukan ci cikin minti goma na farko a gida. Lissafi ne na gaskiya. Na faɗe shi ne don ta bar ni in tafi.

Ƙarfe biyu na ranar Lahadi aka saki faifai. Rumbu ya cika har matakala. Ɗalibai a bayan ragar kudu suna buga ganguna da tsofaffin fitilun rami na kwano, 'yan Tamarack kamar ɗari biyu an matse su a kusurwa da jajayen riguna. Rollie bai zauna da su ba. Mijin 'yarsa ya samo masa wuri a layi na uku, daidai bayan Urho, kuma shi kaɗai ne a zaune a duk sashen, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Mai fitila ba ya waiwaye, dokar aikin ke nan. Amma gilashin da ke gabana yana da wata kusurwa da ke nuna abin da ke bayana ta hagu, kamar madubi mai hazo. Shekara ashirin da biyar a nan nake ganin Irja. Ranar nan Urho nake gani, da koriyar hula, hannayensa biyu a kan ƙarfen da ke gaban layinsa.

A zangon farko yaranmu ragata suke kai wa hari. Sau goma sha huɗu suka buga. Golan Tamarack wani dogon yaro ne mai shekara ashirin, yana magana da kansa cikin abin rufe fuskarsa, ina jin sa ta gilashi. Ya tare da safar hannu, ya tare da sanda, ya tare ɗaya da kafaɗa bai ma san ya tare ba. Aka busa hutu babu ci. Rumbu ya zube a kan benci. Hula ɗaya ta rage a sama.

“Minti arba'in ke nan, tsoho,” na ji Rollie yana cewa. “Ga wuri nan kusa da ni, na ɗumama maka.”

“Riƙe abinka, ka ga katifa babu a nan.”

Muryarsa da ƙarfinta a lokacin.

A zango na biyu aka sauya gefe, Tamarack ce ke zuwa wajena. A minti na tara wani ɗan wasansu ya zura faifai ta tsakanin ƙafafun golanmu. Ya tsallake layi da faɗin tafin hannu, na danna. Fitila ba ta da ƙabila. 'Yan jajayen riguna suka yi ta tsalle a kusurwarsu, sauran Rumbu ya zage ni kamar yadda ya saba, wani ya jefi akwatina da kofin takarda. A can ɗaya gefen yaranmu suka yi ta bugu kamar masu sussuka, dogon yaron yana tarewa. Aka samu rauni, aka tsaya gyaran ƙanƙara, zangon ya ja har kusan minti hamsin.

Da aka busa hutu na biyu sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe ƙofar akwatin na fito.

Kusa da shi ya fi muni a kan yadda gilashi ya nuna. Fuskarsa ta koma launin toka. Zufa tana bin gefen hular, a ɗakin da numfashi ke fita kamar hayaƙi. Marlys ta sa masa ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, yatsunta biyu a kan wuyan hannunsa tana kallon agogo.

“Urho,” na ce. “Zauna.”

“An ci?”

“Ba a ci ba.”

“To koma akwatinka.”

Rollie ya sunkuyo. “Kai, mutumina, wasa nake yi. Bar hularka, me zan yi da ita? Zauna, na janye.”

“Ba kai ka sa ni tsayuwa ba, ba kai za ka zaunar da ni ba.”

“Baba, don Allah,” in ji Marlys. “Bugun ba daidai yake ba. Minti biyar kawai. Kowa a zaune yake, duba.”

Bai duba ba. Ni kuma abin da na ajiye shekara shida ya taso mini, na faɗe shi a hankali yadda shi kaɗai zai ji. Ban ce na yi don in cece shi ba. Na daɗe ina neman ranar da zan faɗa.

“Tsayuwar nan ta riga ta hana ka sallama da mutum ɗaya. Bai isa ba?”

Ya juyo da kai a hankali kamar wanda wuyansa ya yi tsatsa. “Shi ya sa,” ya ce.

“Shi ya sa me?”

“Ranar ban tafi ba, don ba a ci ba. In yau na zauna saboda ƙirjina yana ciwo, to ranar me na tsaya yi?” Ya ja numfashi sau biyu. “Kai mai karatu ne. Gaya mini.”

Na karanta masu hikimar Girka da na Rum, babu wanda ya taɓa zuwa Rumbu. Ƙararrawar komawa wasa ta buga, na koma akwatina na rufe ƙofa.

Zango na uku yaranmu suka dawo wajena. Da wasan kansa ya kamata in damu, amma rabin idona yana kan kusurwar gilashi. Hannun Urho na hagu ya zame daga ƙarfe, ya mayar. Ya sake zamewa. Marlys ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarsa, yana ture ta da gwiwar hannu. Na lura ya daina bin wasan da kai. Duk Rumbu kai yana juyawa dama da hagu tare da faifai, nasa a tsaye yake wuri ɗaya, yana kallon saman akwatina.

Saura minti goma sha biyu aka yi turmutsutsu a bakin raga. Faifai ya bugi ƙafar wani, ya gangara ta bayan golan, yana tafiya a hankali a kan jan layi kamar mai tunani. Yaron ya jefa kansa baya ya danne shi da safar hannu. Alƙali yana can gefe, jikin mutum huɗu ya tare shi, bai ga komai ba. Ni na gani. Faifan ya shiga, ban da gefensa, faɗin farcen ɗan yatsa, da ya rage a kan ja.

Rumbu ya fashe. Ƙanƙarar rufi ta zubo a kan gilashina. Alƙali ya ɗago kai yana kallona, kuma na san in na danna zai nuna tsakiyar fili ya ba mu ci, babu wanda zai taɓa sani, sai ni da yaron da ke kwance yana kallona ta ramukan abin rufe fuskarsa.

Yatsana bai motsa ba. Ba zan ce na yanke shawara ba. Shekara talatin da ɗaya ne suka yanke.

A cikin gilashi na ga abin da ihun ya yi wa Urho. Da ya ji shi gwiwoyinsa suka saki, ya fara sauka, har ya kai rabi. Sai ya ga fitila ba ta kama ba. Ya kama ƙarfen da hannu biyu ya ja jikinsa sama, a hankali, bakinsa a buɗe. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Da ya miƙe, leɓɓansa sun yi shuɗi.

Mutane suna dukan akwatina da tafin hannu, suna kiran sunana da na mahaifiyata. Ban ji zafin wannan ba, na saba. Abin da na ji shi ne Marlys. Ta daina kallon ubanta, ta zuba wa gilashin ido, daidai kusurwar da gwaggonta ta san ina kallo.

Aka ci gaba. Saura minti goma sha ɗaya a agogon wasa, wanda a agogon duniya ya kai rabin awa. Dogon yaron kuma ya shiga irin ranar da ko da bindiga ba za a ci shi ba. Na yi wannan lissafin sau biyu, amsa ɗaya yake bayarwa.

Na yi wani lissafin kuma. Alƙali shi ke ba da ci, fitila shaida ce kawai. Ba zan saci ci daga hannun yaron da ya tare shi da gaskiya ba, ba nawa ba ne balle in bayar. Abin da yake nawa a ɗakin nan guda ɗaya ne, yardar da aka yi da fitilata.

Saura minti tara da 'yan daƙiƙoƙi wani ɗan bayanmu ya ɗaga sanda daga nesa ya buga da ƙarfinsa. Faifan ya daki turken raga na dama. Ƙarar ta tashi kamar an bugi ƙararrawar coci, har na layin ƙarshe sun ji, faifan ya yi tsalle ya tafi kusurwa. Alƙali yana tsaye daidai wurin, yana gani sarai.

Na danna.

Jan haske ya wanke ƙanƙara. Rumbu ya rabu biyu, waɗanda suka ji turke suka yi shiru, waɗanda suka ga fitila suka yi ihu, sannan na farkon ma suka bi su, don mutum ya fi yarda da abin da yake so. 'Yan wasa suka tsaya suna kallon juna. Na bar yatsana a kan maɓalli, na waiwaya, karon farko a cikin wasa tun da na karɓi aikin.

Urho ya saki ƙarfen. Ba zama ya yi ba sosai, zubewa ya yi, Rollie ya tare shi ta baya ya sauke shi a kan benci. Marlys ta riga ta ɗaga hannu tana kiran masu agaji.

Alƙali ya busa usur, ya ware hannayensa biyu alamar babu ci, ya zo bakin gilashina. Akwai 'yan ramuka da ake magana ta ciki.

“Malam Kangas, me ka gani?”

“Ya bugi turke ya fita.”

“To me ya sa ka kunna?”

“Na kunna,” na ce.

Ya dube ni. Mun yi aiki tare shekara tara. Ya dubi bayana inda ake buɗe gadon ɗaukar majiyyaci, ya sake dubana. “Ka san dole in rubuta. Kuma dole ka fita daga nan yanzu.”

“Na sani.”

Mai sanarwa ya ce babu ci. Rumbu ya tashi tsaye gaba ɗaya, yana zagin alƙali tukuna, don labari bai gama zagayawa ba. Na ga Urho ya ji sanarwar. Ya sa hannu zai tashi, sun riga sun ɗaure shi da bel a kan gadon, abin shaƙar iska a fuskarsa. Suka wuce da shi ta gabana ina fitowa daga akwatin. Idonsa a buɗe, a kaina, har suka karya kwana.

An cinye mu ɗaya da nema. Ba wanda ya zauna har ƙarshe.

Ranar Talata wasiƙar hukumar wasanni ta zo, layi huɗu, ta gode mini da hidimar shekaru. Jaridar Tamarack ta buga hoton fitilar a kunne da faifan a kusurwa. Rollie, don a ba shi haƙƙinsa, ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare dalilin abin, amma dalili ba ya gudu kamar dariya. Har yau idan faifai ya bugi turke a ɗakinsu mai katifa, ɗalibansu sukan rera, “Osmund ta ci, Osmund ta ci.” A shagon Lempi an daina kawo maganar fitila idan ana musu da baƙi. Makami ɗaya ne da ba a taɓa karya musu ba, ni na karya shi.

Ranar Laraba Marlys ta kira ta ce an fitar da shi daga ɗakin masu tsananin ciwo, kuma yana nemana. Likitan ya gaya mata da ya ƙara minti goma a tsaye, da wata maganar ake yi. Ta so ta gode mini, na ce kada ta fara.

Na same shi a jingine, da robobi a hanci, hular a kan ƙaramin teburin gefen gado. Ban zauna ba, bai ce in zauna ba.

“Ya shiga?” ya ce.

“Ka ji sanarwa.”

“Kai nake tambaya.”

“Bai shiga ba. Turke ya buga.”

“Na farkon fa? Wanda aka yi ihu?”

“Saura faɗin farce.”

Ya gyaɗa kai, kamar wannan ya ɗan sanyaya masa. Ya ɗaga ido yana kallon rufi. “Abu ɗaya ne a garin nan da na san ba ya ƙarya,” ya ce. “Coci na da shakka, likita na da shakka.”

“Kana da rai.”

“Ban ce ba ni da shi ba.” Ya nuna hular da haɓa. “Ka aika wa Rollie.”

“Ya ce ya janye. Kuma fitila ka ce, fitila ta kama.”

“Kada ka yi mini wayon 'yan makaranta, Walfred. Na zauna ba a ci ba. Aika masa.”

Na ɗauki hular. Ulun ya tsufa, gefen da Irja ta yi kuskuren saƙa ta ƙi warwarewa yana nan. Na riƙe ta fiye da yadda ya kamata, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.

“Akwai tikiti a aljihun rigata, a cikin kabad,” ya ce. “Likitoci sun ce ni da Rumbu sai baɗi, in da rabo. Asabar akwai wasa. Wurin nan bai taɓa zama babu mutum ba.”

“Ni ba na son wasan. Kai ka faɗa a gaban jama'a.”

“Wa ya ce ka so shi? Tsayuwa za ka yi. Har da hutu.”

Na aika wa Rollie hular ta gidan waya. Ya dawo da ita, Urho ya sa na sake aikawa. A karo na uku Rollie ya haƙura ya riƙe, amma an ce mini a aljihun motarsa take, bai rataye ta ko'ina ba.

Ranar Asabar na je. Wani malamin lissafi suka sa a akwatina, yana ta gyara zama kamar kaza a kan ƙwai. Na tsaya a layi na biyu. Waɗanda ke gefena ba su gaishe ni ba, ba su kuma kore ni ba. Ƙarfen da ke gabana fentinsa ya goge a wuri biyu, daidai faɗin hannun mutum, na sa nawa a wurin.

Ba a ci ba sai minti na shida a zango na uku. Na ga faifan ya shiga da idona, na ƙirga ɗaya, biyu, kafin fitila ta kama. Gwiwoyina sun yi kwana huɗu suna ciwo. Da Urho ya kira ya tambayi yadda aka yi, na ce masa sabon mutumin hannunsa nauyi gare shi. Ya ce ya san za a rina, ya ajiye waya.